Yadda Ake Amsa Tambayoyin Hana Biza da na Tafiye-tafiyen Baya a Fom ɗin Bizar Iyali

A fom ɗin neman bizar iyali, wato bizar da mace ke nema domin ta tare a wajen mijinta da ke zaune a Ingila ko Amurka ko Kanada, ko wadda miji ke nema domin ya bi matarsa, ko wadda ake nema wa yara, akwai tambayoyi iri biyu da mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ta farko ita ce ko an taɓa hana mai nema biza ko shiga wata ƙasa, ta biyu kuma ita ce ƙasashen da ya taka a shekarun baya. Iyali sukan shafe watanni suna haɗa takardar aure da shaidar albashin miji, a tashi daga Sakkwato takanas a je Abuja gwajin tarin fuka da jarrabawar Turanci, amma idan aka iso waɗannan tambayoyi sai a danna "a'a" cikin daƙiƙa guda a wuce. Alhali kuɗin bizar iyali ta Ingila kaɗai ya haura fam 1,800, kuma ba a mayar da shi idan aka ƙi bayarwa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, hana mutum biza a baya ba ya rufe masa ƙofar bizar iyali. Mafi yawan waɗanda aka hana bizar ziyara ko ta karatu an hana su ne saboda jami'in bai gamsu cewa za su dawo gida ba, ko kuma bai gane asalin kuɗin da ke cikin asusunsu ba. A Amurka wannan shi ne sashe na 214(b), wanda ake miƙo wa mutum takardarsa ta taga bayan ganawar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Ita kuwa bizar iyali zama ake nema da ita ƙiri-ƙiri, saboda haka zargin cewa mutum ba zai dawo ba ya riga ya faɗi. Abin da ke jawo asara shi ne ɓoye hanin, domin daga lokacin da jami'i ya ga an ce "a'a" alhali a gabansa ga shaidar "e", magana ta tashi daga kan aure da albashi ta koma kan yaudara. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Hukuncin yaudara kuwa ba ƙarami ba ne a ko'ina. A dokokin Ingila ana iya hana wanda aka tabbatar ya yi yaudara a neman biza shiga ƙasar har shekara 10. A Kanada sashe na 40 na dokar shige da fice ya tanadi hani na shekara 5, kuma a tsawon lokacin mutum ba zai iya neman zama na dindindin ba. Ta Amurka ta fi tsanani, domin wanda ya yi ƙarya da gangan a kan wani abu mai tasiri ya haramta har abada, sai dai in ya nemi afuwa ta musamman, wadda ba a samun ta sai an tabbatar da cewa mijin ko matar ko iyayen da ke can za su shiga matsanancin hali.

Wasu suna ganin idan an canza fasfo an shafe tarihi, musamman idan tsohon ya ƙare ko ya ɓace, ko an gyara suna zuwa na miji. Wannan tunani ya daina aiki tun da aka fara ɗaukar zanen yatsu a wajen neman biza, domin da yatsun ake gane mutum, lambar fasfo kuwa biyo baya take yi. Bugu da ƙari, ƙasashe biyar, wato Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, suna da yarjejeniyar musayar zanen yatsu da bayanan shige da fice a tsakaninsu, ta yadda hanin da aka yi wa mutum a ofishin jakadancin Amurka zai iya bayyana a gaban jami'in Kanada. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, su ma suna da rumbu guda da suke zuba duk neman biza da sakamakonsa, a ajiye tsawon shekara 5. Ba kowace ƙasa ce ke musaya da kowace ba, gaskiya ne, amma mai nema ba ya ganin abin da ke gaban jami'i, kuma sau da yawa abin da ke tona asiri alama ce a tsohon fasfo, ko amsar da mutum ya taɓa bayarwa da kansa a wani fom na baya.

Me ake nufi da "an hana ka"?

A nan ne mafi yawan kuskuren da ba na ganganci ba yake faruwa, kuma yakan fara ne daga yadda ake fassara tambayar. Yaron da ke cike fom a shagon intanet zai ɗago kai ya ce, "Hajiya, an taɓa hana ki biza?" Ita kuma ta ce, "A'a, ɗana, ai ni ban taɓa neman zuwa Ingila ba." Ba ta yi ƙarya ba, amma ba tambayar da ke fom ɗin aka yi mata ba. Fom ɗin Ingila yana cewa ne a Ingila ko a kowace ƙasa dabam, kuma bai sa iyakar shekaru ba, wato tun da aka haifi mutum. Sannan ya jero abubuwa da dama a ƙarƙashin tambaya guda: hana biza, hana shiga a bakin iyaka ko filin jirgi, hana izinin ci gaba da zama, hana mafaka, tiso ƙeya, umurtar mutum ya bar ƙasa, da haramta masa shiga. Fom ɗin Kanada mai lamba IMM 5669 shi ma Kanada da kowace ƙasa yake tambaya. Na Amurka, wato DS-260 na bizar zama da DS-160 wanda ake cikewa don bizar baiko, ya taƙaita wannan tambaya ga bizar Amurka da shiga Amurka, ko da yake yana da wasu tambayoyin a gaba game da karya dokokin shige da fice. Don haka wajibi ne a karanta tambayar kalma bayan kalma kamar yadda take a ranar da ake cikewa, kuma a fassara ta cikakkiya ga mai nema idan ba ya jin Turanci sosai.

Idan aka fassara ta cikakkiya, za a ga abubuwa da yawa da mutanen yankinmu ba sa ɗauka a matsayin hani sun shigo ciki. Wanda ya ba ejan fasfonsa da kuɗinsa don bizar Dubai a shekarar 2022, lokacin da Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza, aka dawo aka ce masa "ba ta fito ba", yana buƙatar ya koma ya tambayi ejan ɗin ko an shigar da neman aka ƙi, ko kuwa ba a ma shigar ba. Idan an shigar an ƙi, hani ne, ko da bai taɓa ganin takarda ba. Matan da aka dawo da su daga filayen jiragen Saudiyya a aikin Hajjin 2012 saboda batun muharrami, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwa, an hana su shiga ne a filin jirgi, kuma tambayar ta shafe su duk da shekarun da suka wuce. Haka wanda ya je Umara ya zarce wa'adi ya zauna, aka kama shi aka tsare a sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda sannan aka sako shi a jirgi. Mu a gida mukan ce "ya dawo daga Makka" kawai, amma a harshen fom an tiso ƙeyarsa ne. Haka nan matashin da ya bi ta Agadas ya shiga Aljeriya ko Libiya, jami'an can suka kwashe su suka zube a iyakar Nijar.

Akwai kuma hanin da aka yi wa mutum yana yaro, lokacin da mahaifinsa ya nema wa iyali gaba ɗaya aka ƙi. Wannan ma nasa ne, kuma sai an tambayi iyaye kafin a sani. A tsarin Amurka akwai wata takarda mai ɗauke da sashe na 221(g), wadda ake bayarwa idan ana son ƙarin takardu ko ƙarin bincike. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin jira, amma a doka hani ce, ko da daga baya an ba da bizar, saboda haka a ambace ta a kuma faɗi yadda ta ƙare.

Abin da ba hani ba shi ne neman da mutum ya janye da kansa kafin a yanke hukunci, ko wanda aka mayar masa saboda bai biya kuɗi ba ko bai cika takardu ba, ko ranar ganawa da bai halarta ba. A irin wannan za a iya amsa "a'a", amma shawarata ita ce a rubuta layi ɗaya ko biyu a wajen ƙarin bayani, a ce a shekara kaza an nemi biza kaza aka janye. Ambaton abin da ba a tambaya ba bai cika jawo wa kowa matsala ba, matuƙar gaskiya ne kuma a taƙaice yake.

Tattara tarihin kafin a buɗe fom

Kada a zauna gaban kwamfuta ana cikewa ana tunowa. A ɗauki takarda tun kwanaki kafin nan, a rubuta kowane neman biza da aka taɓa yi, da ƙasar, da wata da shekara, da irin bizar, da sakamakon, da wanda ya cike fom ɗin. A nemo tsofaffin fasfo duka, har waɗanda aka huda, a duba shafi bayan shafi. A bincika imel, domin takardun hani na Ingila da Kanada yanzu ta nan suke zuwa, kuma sau da yawa imel ɗin ejan aka yi amfani da shi, sai an je an karɓo. Takardar Ingila tana ɗauke da lamba mai farawa da GWF, ta ƙasashen Shengen kuwa fom ne iri ɗaya mai akwatuna da ake sa wa alama a kan dalilin hanin.

Idan takardar ta ɓace, akwai hanyar neman ta. Dokar kare bayanan mutum ta Ingila ta ba kowa damar neman kwafin abin da Ma'aikatar Cikin Gida ta ajiye a kansa, kyauta kuma ta intanet, a ƙa'ida cikin wata guda, ko da yake yakan wuce haka. A Kanada ana neman bayanan da jami'i ya rubuta, waɗanda ake kira GCMS, kuma wanda ke zaune a Kanada yana iya nema a madadin mai nema da rubutaccen izininsa, abin da mijin ko matar da ke can za su iya yi cikin sauƙi. Amfanin wannan ya wuce sanin ranar hani, domin a nan ne mutum zai ga abin da aka rubuta da sunansa a fom ɗin baya, wanda wataƙila bai taɓa karantawa ba.

Yadda ake rubuta bayanin

Bayan an amsa "e", fom zai buɗe wuri ya nemi abin da ya faru, da ƙasar, da lokacin, da bayani. Kowane hani a shigar da shi daban, kada a dunƙule uku a wuri ɗaya. Bayanin da Turanci za a rubuta shi, amma ma'anarsa kada ta wuce irin wannan: "A watan Maris na 2019 na nemi bizar ziyara ta wata shida zuwa Ingila. An ƙi ba ni saboda jami'in bai gamsu da asalin wasu kuɗi da suka shiga asusuna ba, kuma bai gamsu cewa zan dawo ba. Lambar neman ita ce kaza, kuma na haɗa kwafin takardar." Wannan ya wadatar. Ba wurin jayayya da tsohon hukunci ba ne, ba kuma wurin roƙo ko kawo labarin halin da aka shiga ba. Dalilin da za a rubuta shi ne wanda ke cikin takardar hanin, ba wanda mutum yake zato ba, domin jami'in zai kwatanta su. Idan ba a tuna ranar daidai ba, a ba da wata da shekarar da suka fi kusa, a faɗa a fili cewa ƙiyasi ne. Idan wurin rubutun ya yi kaɗan, a ce a duba wasiƙar da aka haɗa, sannan a tabbatar an haɗa ta da sauran takardu.

Inda bayani ke buƙatar tsawo shi ne idan tsohon hanin ya ambaci takardar bogi ko bayanin ƙarya, ko kuma idan mutum ya gano cewa tsohon fom ɗinsa ya saɓa wa abin da zai faɗa yanzu. Wannan matsala ta zama ruwan dare, saboda dabarar da wasu ejan-ejan ke yi ta nuna cewa mai nema yana da abin da zai dawo da shi gida. Budurwa sai a rubuta mata miji da 'ya'ya biyu, ɗalibi a mayar da shi manajan kamfani, wadda aka riga aka ɗaura wa aure da mazaunin Manchesta a rubuta cewa ba ta san kowa a Ingila ba. Yanzu ga ta da takardar aure mai ɗauke da kwanan watan da ya gabaci wancan fom, ko kuma tana cewa wannan ne aurenta na farko alhali a rumbun ofishin tana da miji tun shekaru biyar da suka wuce. Jami'in bizar iyali babban aikinsa shi ne tabbatar da cewa auren na gaskiya ne kuma halastacce a dokarsu, saboda haka miji na bogi a tsohon fom zai sa ya nemi takardar saki da ba ta wanzu ba. Cewa "ejan ne ya rubuta, ban sani ba" bayani ne da ya kamata a faɗa in gaskiya ne, amma ba ya wanke mutum kai tsaye, domin wanda sunansa ke kan fom shi ke ɗauke da alhakin abin da ke ciki, kuma kotunan Kanada sun sha tabbatar da haka. A irin wannan hali kada a ci gaba da tsohuwar ƙaryar don ta yi daidai da ta baya, kada kuma a yi shiru a yi fatan ba za a lura ba. A rubuta gaskiyar yanzu a fom, a haɗa wasiƙa mai bayyana abin da aka rubuta a baya da yadda aka yi aka rubuta shi, kuma a nan ne nake ganin kuɗin lauya ya cancanci a kashe, lauyan da ke da rajista a ƙasar da za a je, ba wanda ya jawo matsalar tun farko ba.

Haka batun yake idan ranar haihuwa ko suna a tsohon fasfo sun bambanta da na yanzu, abin da ya yawaita tun da aka fara daidaita fasfo da lambar NIN. Fom yana da wurin rubuta sauran sunayen da aka taɓa sanin mutum da su, a cike shi, a haɗa takardar rantsuwa ta kotu da duk wata shaidar gyaran.

Wanda ya taɓa zama a ƙasar da yake nema zai tarar da ƙarin tambayoyi a kan wuce wa'adi da yin aiki ba izini. A Amurka wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba fiye da kwana 180 sannan ya fita, hanin shekara 3 ne a kansa, idan kuwa zaman ya kai shekara guda, shekara 10 ne. Ingila kuma tana tambaya ko an taɓa jinya a asibitocin gwamnatinta, domin bashin asibiti da ya kai fam 500 dalili ne na hana biza. Wadda ta taɓa haihuwa ko jinya a can ta nemo rasit, in kuma akwai saura a biya kafin a nema.

Tafiye-tafiye, da batun Nijar

Tambayar tafiye-tafiye ita tana da iyakar shekaru, kuma iyakar ta bambanta. Ingila shekara 10 take tambaya, kuma takan raba su kashi-kashi: zuwa Ingila kanta, sannan Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Suwizalan da ƙasashen Turai, sannan sauran ƙasashen duniya. Fom ɗin DS-260 na Amurka shekara 5 yake nema, amma yana neman duk adireshin da mutum ya zauna tun yana ɗan shekara 16, wanda ke nufin zaman karatu a waje zai fito ta nan. Kanada tana da fom na musamman don tafiye-tafiye, IMM 5562, shi ma na shekara 10.

Ga mutumin Sakkwato, ƙasar da aka fi mantawa ita ce wadda ta fi kusa. Wanda ke da dangi a Ƙwanni, yake tsallakawa ta Illela don biki ko ta'aziyya ko kasuwa ya dawo ya kwana a gidansa, ba ya jin ya yi tafiya ƙasar waje, kuma galibi babu wanda ya buga masa hatimi. Amma a wajen fom Nijar ƙasa ce dabam, kuma tambayar ba ta ce ƙasashen da aka buga wa mutum hatimi ba, ta ce ƙasashen da ya je. Ba zai yiwu a lissafa kowace tsallakawa ba, kuma ba a bukatar haka. A shigar da Nijar, a ba da kwanakin tafiya ta baya-bayan nan da wasu da ake tunawa, sannan a ƙarin bayani a rubuta cewa mai nema yana zaune kusa da iyaka, yana da dangi ko harka a Ƙwanni ko Tawa ko Maraɗi, yana zuwa kamar sau kaza a shekara na yini ɗaya ko biyu, kuma ba a buga hatimi a irin wannan zirga-zirga. Wajen ƙiyasta kwanaki a yi hattara da lokutan da iyaka take rufe a hukumance, wato daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma watannin da suka biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kada a jefa kwanan wata na ƙiyasi a cikinsu ba tare da an tabbatar ba. Wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Yamai ko Kwatano kuwa, nasa ya wuce ziyara, zama ne, kuma dole ya yi daidai da abin da ya rubuta a sashen karatu da na adireshi. Wasu ƙasashen ma, kamar Amurka da Kanada, za su nemi takardar shaidar 'yan sanda daga can idan zaman ya yi tsawo.

Hajji da Umara su ma tafiya ne zuwa Saudiyya, kuma kowace daban take. Da yake bizar yanzu a takarda ko a waya take zuwa, ba a manne a fasfo ba, a nemi kwanakin a hatimin jami'an shige da fice na filin jirgin Sultan Abubakar na Uku ko duk inda aka tashi, ko a tikiti, ko a takardun hukumar alhazai ko kamfanin da ya yi jigila. Hotunan waya suna taimakawa ƙwarai, domin kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, haka ma saƙonnin WhatsApp na "mun sauka lafiya". Ɗaliban da aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 su tuna cewa waɗanda aka bi da su ta mota zuwa iyaka aka ɗebo su daga Aswan sun shiga Masar, don haka ƙasa biyu za su rubuta. Jinya a Alkahira ko Indiya, da sarin kaya a Dubai ko Caina, duk suna shiga.

Yada zango a filin jirgi, kamar a Adis Ababa ko Istanbul ko Doha, ba a ɗaukarsa ziyara idan mutum bai wuce teburin jami'an shige da fice ba. Idan kuwa an buga masa hatimi ya fita ya kwana a otal kafin jirgin safe, ya shiga ƙasar, sai ya rubuta ta da dalilin wucewa.

Wanda bai taɓa fita ko'ina ba ya amsa "a'a" hankalinsa kwance. A bizar ziyara yawan tafiye-tafiye yana ƙara wa mutum daraja a idon jami'i, shi ya sa wasu ke sayen hatimin bogi na Gana ko Togo a cika fasfo da shi, amma a bizar iyali ba sharaɗi ba ne ko kaɗan, kuma hatimin bogi guda ɗaya ya isa ya rusa neman da komai nasa ya cika. Abin da tafiye-tafiye ke amfanarwa a nan shi ne tabbatar da cewa ma'auratan sun haɗu ido da ido, don haka idan miji ya zo Sakkwato ɗaurin aure ko hutu, ko sun haɗu a Umara, kwanakin da ke fom ɗin matar su yi daidai da hatiman fasfonsa da abin da ya rubuta a tasa wasiƙar.

Kafin a aika, da bayan an aika

Sau da yawa mijin da ke can ne yake cike fom ɗin matarsa, kuma yakan amsa waɗannan tambayoyi da abin da ya sani, alhali wataƙila kafin aurensu wani kawunta ya taɓa nema mata bizar karatu aka ƙi, ita ma ta manta ko tana jin nauyin faɗa. Ya kamata su bi tambayoyin tare ta waya ɗaya bayan ɗaya, a kuma tambayi iyaye da yayye. A Ingila da Amurka kowane yaro fom ɗinsa daban ne, da nasa tarihin. Kafin a danna aikawa, fom yana nuna duk amsoshin a jere, a karanta wa mai nema su da Hausa, musamman idan ganawa za a yi, kamar ta bizar zama ta Amurka da ake yi a ƙaramin ofishin jakadancinta na Legas, inda mutum zai yi rantsuwa cewa abin da ke fom gaskiya ne sannan a yi masa tambayoyi a kai.

Idan an riga an aika sannan aka tuna da wani hani ko wata tafiya, a gyara tun kafin jami'i ya gano da kansa, domin gyaran da mutum ya kawo da kansa shi ne babbar shaidar cewa mantuwa ce. Fom ɗin Ingila ba ya buɗuwa bayan an aika, amma ana iya haɗa wasiƙar gyara cikin takardun da ake ɗorawa kafin ranar ɗaukar zanen yatsu, ko a janye neman kafin wannan rana a karɓi kuɗin a sake cikewa. A na Amurka a sanar da ofishin, ko a faɗa wa jami'in a farkon ganawa kafin ya tambaya. Kanada tana da shafin aika saƙo da ƙarin takardu a kan neman da ke hannunta, kuma idan jami'inta ya yi zargin ɓoye wani abu yakan aiko da wasiƙa ya ba da wa'adin amsawa, wanda bai kamata a bari ya wuce ba.

Daga ƙarshe a sauke kwafin fom ɗin da aka aika a ajiye a imel ɗin miji da na mata, tare da takardar da aka tattara tarihin a kanta. Bizar iyali ta Ingila wata 33 take yi, bayanta akwai sabuntawa, sannan neman zama na dindindin bayan shekara 5, sannan neman zama ɗan ƙasa, kuma a kowane mataki za a sake yin waɗannan tambayoyi a kwatanta amsar da ta farko.